Saiwar Babana a Gaban Alƙalamin Lantarki

Direban da ya ɗauko mu daga Kwatano ya tsaya a wani gari mai gada da kwale-kwale, ya juyo ya dube ni ya ce, "Alhaji, Lome." Ni da ban taɓa taka Makka ba, jin an kira ni Alhaji sai na dira da sauri har ina sa masa albarka. Sai da motar ta ɓace na tambayi wani mai ɗinkin koma ina hanyar Zango, ya yi dariya har ya saki zarensa. Ashe Aneho ce, Lome tana can gaba. Direban ya hango mata biyu ne da kwandunan kifi, ya ga wurin zamana zai ɗauke su duka har da canji. Ban cika ganin laifinsa ba. A lokacin in na zauna a benci, sai a ce benci ya cika.

Na aza buhuna a ka na bi titin da ya bi gefen teku. Ni mutumin Zazzau ne, babban ruwan da na sani shi ne Kubanni da damina. Sai ga ruwa ya tashi tsaye yana ruri, ya faɗi, ya sake tashi, ba wanda ya taɓa shi. Na tsaya ina jira in hango ɗaya gaɓar. Har yau ban hango ta ba. Wani mai motar kwakwa ne ya ji tausayina ya ɗora ni a kan kaya, na shiga Lome ina zaune bisa kwakwa kamar kazar da ta yi kwanci.

Sunana Tanko, sana'ar gidanmu magani. A buhun nan akwai sassaƙe da ganyaye irin na kowa, amma abin da na dogara da shi wata saiwa ce da mahaifina yake zuwa haƙowa a kurmin kudancin Zazzau. Maganin ciwon kan hawan jini ce da rashin barci. Ƙa'idarta ɗaya tun kakanni: a yanki kamar gaɓar yatsa, a jiƙa ta kwana, a sha ludayi guda da safe, guda da yamma. Sunanta kuwa ba ma faɗa, ko matata ba ta sani ba.

Zangon da aka kwatanta mini a gida ba ya nan. An tashe shi daga tsakiyar gari an kai shi can Agowe, inda sai ka yi tafiya har ka fara zaton ka kama hanyar komawa Najeriya. Na sauka gidan Alhaji Bawa, dillalin shanu, wanda baƙin arewa suke sauka wurinsa. Haifaffen Lome ne, kakansa ne ya zo daga Kano, Hausarsa kuma da Faransanci a ciki kamar tsakuwa a shinkafa.

Bayan na ci na sha na ba tsakar gida labarin yadda teku ta rusuna ta gaishe ni, sai ya ja ni gefe ya nuna mini hoton da ke rataye a zaure. Hoton nan na gan shi a kan iyaka, na gan shi a shagon aski, na gan shi a ƙirjin rigar mai sayar da burodi.

Ya ce, "Bon, Malam Tanko, na ga Allah ya ba ka baki. Ka yi zancen teku, ka yi zancen aljannu, ka yi zancen matan mutane in kana da ƙarfin gudu. Mai hoton nan kaɗai za ka bari. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasar nan, kunnuwanta ne suke da yawa."

Na ce, "Maigida, ni ko gaishe shi ba zan yi ba, kada ya amsa."

Bai yi dariya ba. Daga ranar na gane iyakar wasa a Lome.

Watannin farko sun ba ni wuya. Gumi nake yi tun daga asuba, in na matse rigata sai a shayar da akuya. Tuwon masararsu da suke kira akume ba laifi, amma miyar duk kifi ce, har na fara jin ina iya iyo. Na yi kewar miyar kuka har wata rana na buɗe ƙullin kukar da na zo sayarwa na shaƙa na mayar. Kullum sai in shiga mota zuwa Asigame, babbar kasuwa, inda matan atamfa suke da marsandi da direba, in yi ta yawo da buhu ana kora ta daga inuwa zuwa inuwa.

Wata mai sayar da banda ce ta tsayar da ni. Sunanta Afi, ana ce mata Da Afi, wato yaya. Ta matsar da kwandonta ta ce da Hausar kasuwa, "Baba Hausa, zauna nan. Kana wucewa kana tare mini iska." Tun daga ranar na sami wuri. In rana ta take sai ta gutsuro kifi ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ni kuma ina kira mata masu saye, ina rantse musu cewa kifinta da kansa ya fito daga teku ya hau wuta don son ta.

Mijinta Fo Komlan ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne, kuma shi ne babban makaɗin rukunin ma'aikatan tashar masu rawa da waƙar yabon jam'iyya. A zamanin kowace ma'aikata tana da irin wannan rukuni. In babban baƙo zai sauka, sai a rufe ofis a fita titi da riguna iri ɗaya. Wata rana Da Afi ta ce mini kan mijinta yana sarawa, ba ya barci, ga babban biki yana matsowa. Na ɗauko saiwar babana na yanka mata, na kankari kaɗan na tauna a gabanta kamar yadda muke yi, na gaya mata ta jiƙa ta kwana, ya sha ludayi safe da yamma. Ta ce ta gane. Kyauta na ba ta, don kifin da na ci mata ya isa a kafa masa ƙauye.

Ba a yi mako ba, ina shimfiɗa kaya da hantsi, inuwa ta rufe ni. Wurin Da Afi ba kowa. Na ɗaga kai, jandarma ne dogo, baƙi, da gashin baki kamar tsintsiya.

Ya ce da Hausa tsantsa, "Kai ne Tanko mai magani?"

Na ce, "In alheri ne, ni ne. In ba haka ba, wana ne, jiya ya koma gida."

Ya ce, "To kai za ka tsaya masa. Kwashe kayanka."

Ajidan Isifu ke nan, ajidan kuwa muƙaminsa ne, mutumin Sakwade ta arewacin Togo, Musulmi. A mota ya gaya mini abin da ya faru. Ana gwajin kiɗa a gaban wani jigon jam'iyya, sai Fo Komlan ya kifa fuska a kan ganga bai ƙara motsi ba. Yana asibiti, zuciyarsa tana bugawa a hankali kamar mai neman izini. Jigon kuwa ya furta kalma ɗaya da Faransanci, wadda Ajidan ya fassara mini da cewa baƙo ya shigo ƙasa ya yi wa gwamnati zagon ƙasa.

Ya ce, "Ka saurare ni da kyau, ɗan'uwa. In makaɗin nan ya mutu, ko aka sami guba a kayanka, arewa za a kai ka. Akwai wurin da ba a aika wa mutum abinci, don ba a da tabbacin yana nan."

A kaso na rame a yini ɗaya, har ankwar da ta matse ni da safe ta koma warwaro da yamma. Alhaji Bawa ya zo da kwanon fura, ya tsaya yana kallona ina sha. Bai ce na gaya maka ba. Ya ce dai, "Duk Zango ana maka addu'a, har waɗanda ka yi wa ƙarya." Da zai tafi Ajidan ya kawo gwangwani da ruwa da guntun saiwata, ya ce in haɗa maganin daidai yadda nake haɗawa, gobe za a kai shi gaban inji. Likitoci suna son sanin abin da ke jikin mutumin kafin su san abin da za su ba shi.

Na ce, "Wane irin inji ne zai san sirrin gidanmu?"

Ya ce, "Ni ma kallo zan je."

Washegari aka kai ni wani ɗakin bincike a jami'a. Sanyin ɗakin ya fi na randa. Kwalabe jere har rufi, ba ƙura ko ɗaya, har na ji kunyar ƙafafuna. Mai ɗakin wata mace ce 'yar ƙarama mai tabarau, wadda ta yi karatu a Faransa ta dawo tana binciken magungunan gargajiya. Madam kowa yake ce mata. Ta dubi ankwar hannuna ta yi wa Ajidan magana a taƙaice, ya cire. Ta ce mini Papa, ta ba ni kujera. Ita tana Faransanci, Ajidan yana juya mini.

Ta tambayi sunan saiwar. Na ce sirri ne, in na faɗa kakannina za su tashi su biyo ni har Togo, kuma ba su da fasfo. Ta juya saiwar a hannu, ta shinshina, ta faɗi wani suna mai tsawo kamar hanyar Agowe. Ta ce tana zaton ita ce, amma saiwoyi suna kama da juna, ido kuma ba ya ganin abin da aka zuba a ciki. Sai mu tambayi inji.

Na zaci zan ga abu kamar injin niƙa. Ashe akwati ne kamar rediyo babba, da maɓallai, da wayoyi uku da suka gangaro cikin wani ɗan kofin gilashi wanda bai kai na shayi ba. A bakin waya ɗaya akwai ɗan baƙin abu kamar bakin fensir. Ta ciro shi ta yi ta goge shi a kan ƙyalle a hankali, kamar maƙerin zinariya. A gefe ga takarda shimfiɗe, da alƙalami maƙale a hannun ƙarfe.

Ta ce za ta saki wuta kaɗan cikin ruwan, tana ƙara mata ƙarfi sannu sannu. Kowane sinadari da ke cikin magani yana da matakin wutar da in an kai shi ba ya iya yin shiru, sai ya amsa. Baƙin bakin nan shi ke jin amsar, alƙalami ya zana. Inda tudu ya tashi a takarda shi ke nuna wane ne ya amsa. Tsawon tudun shi ke nuna yawansa.

Na ce wa Ajidan, "Ashe irin aikinku ne. A matsa wa mutum har ya yi magana."

Ya ce, "Wannan ba zan fassara ba."

Ta fara da wata farar ƙwaya ta kantin magani, irin wadda likitoci suke ba masu hawan jini. Ta niƙe ta, ta narkar, ta ɗiga a kofin, ta murɗa maɓalli. Jama'a, alƙalamin nan ya motsa. Ba hannu, ba zare, ba kowa kusa da shi. Ya miƙe a kwance yana tafiya kamar mai zuwa gona, can sai ya ɗaga kai ya hau, ya sauko, ya ci gaba. Na ga masu wasa da kura, na ga mai haɗiye takobi a kasuwar Sabon Gari, ban taɓa jin gashin jikina ya tashi irin na ranar ba. Na duba ƙarƙashin tebur. Ba kowa.

Ta wanke kofi, ta sake goge baƙin bakin, ta ɗebi jiƙona daga gwangwani ta haɗa da wani ruwa nata. Ni kuwa sai hannuna ya tafi da kansa zai ɗauki kofin, don a gidanmu ba a miƙa magani gaban mutane sai mai shi ya fara kurɓa. Ta make mini hannu da rula kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce a ɗakin nan inji ne kaɗai yake ɗanɗane.

Alƙalami ya sake kama hanya. Ina bin sa da ido ina karanta duk addu'ar da na iya. Ya tafi, ya tafi, ya ɗan ɗaga, ya sauko. Ɗan tudu ne kamar kunyar gyaɗa. Madam ta ɗauki takardun biyu ta haɗa su ta ɗaga a hasken taga. Tudun ƙwayar Turawa da na saiwar babana wuri ɗaya suka tsaya, ɗaya a cikin ɗaya, kamar uwa ta rungume ɗa. Ta ce abin da ke aiki a ƙwayar nan daga irin wannan saiwa aka fara samo shi.

 Babana bai taɓa shiga mota mai rufi ba. Da gatari da ɗan buhu yake shiga kurmi, ya dawo ƙafa duk ƙaya. Ga shi wani akwati a bakin teku, wanda bai san shi ba, bai jin Hausa, ya shaide shi da alƙalami.

Madam ta ce injin ba ya ganin komai da komai, amma ba ta ga baƙon tudu ba, kuma ɗan wannan ba zai kayar da ƙato ba. Na fara murmushi, sai na ga fuskar Ajidan.

Ya ce, "To in wannan ba ya kayar da mutum, me ya kayar da shi? Za su ce wani abu dabam ka ba shi, ka kawo mana mai kyau."

Murmushin ya koma inda ya fito. Madam ta ce a daina gwada abin da na haɗa, a kawo abin da mutumin ya sha. Ajidan ya aika mota. Muka zauna jira, ni ina kallon alƙalami, alƙalami yana kallon rufi.

Da Afi ta shigo idanu a kumbure, ba ta dubi inda nake ba. Ta kwance ɗankwali ta fito da kwalba. Ga guntayen saiwata a ciki, na gane yankan wuƙata, amma ruwan ya yi ja kamar shayin da aka manta a wuta. Madam ta cire toshiyar. Wani wari ya buge ɗakin, har ƙudan da ke jikin taga ya faɗo.

Ajidan ya toshe hanci ya ce, "A'uzubillahi. Sodabi."

Sodabi ita ce barasar da suke dafawa daga bammi, fara kamar ruwa, in ka kusantar da ashana sai ta kama.

Na ce, "Da Afi, me ya kai maganina cikin giya?"

Sai a lokacin ta dube ni. Ta ce, "Ba kai ka ce in jiƙa ba?"

"A ruwa."

"Ka ce ruwa?"

"Ana faɗa ne? In na ce ki ci tuwo, sai na ce da baki?"

Ta ce, "Baba Hausa, wa yake jiƙa saiwa a ruwa? Wake ce? Uwata a sodabi take jiƙawa, kakata ma haka. Je ka duk gidan da ke unguwarmu ta Be ka duba bayan ƙofa, in ba ka ga kwalbar saiwa ba ka zo ka yanka ni."

Muka tsaya muna kallon juna. Wata da watanni muna zaune kafaɗa da kafaɗa, muna cin kifi ɗaya, ita ba ta taɓa jin an jiƙa saiwa a ruwa ba, ni ban taɓa mafarkin ana jiƙa ta a wani abu ba.

Madam ta ɗebi daidai yadda ta ɗeba a nawa, ta murɗa maɓalli. Alƙalami ya tafi a kwance har ya iso wurin nan da muka sani. Sai ya hau. Ya wuce kunyar gyaɗa, ya wuce tudun ƙwaya, ya ci gaba da hawa har ya kai bakin takarda ya tsaya yana karkarwa. Na rantse da akwai tsani da ya fita ta rufi. Sai da ta surka da ruwa mai yawa ta sake, sannan tudun ya yarda ya zauna a takarda, kuma ko a hakan dutsen Kufena ne. Wuri ɗaya da nawa, ba baƙo ko ɗaya a gefensa.

Ta ce saiwa ɗaya ce, ba guba. Ruwa lallashinta yake yi, ta ba shi kaɗan ta riƙe saura. Sodabi kuwa ƙwace yake yi, ya kwashe duk abin da ke cikinta, ga shi kuma shi kansa yana kwantar da mutum. Ta ɗauki tarho ta kira asibiti ta gaya wa likita sunan abin da yake fama da shi. Da ta ajiye ta tambaye ni ko babana ya san ƙarfin da ke cikin saiwar nan.

Na ce, "Madam, iyakar abin da ruwa ya nuna masa ya sani. Ashe tun kakanni da zaki muke kwana a ɗaki, muna ba shi nono muna ce masa kyanwa."

A waje Ajidan ya mayar mini da ankwa yana ba ni haƙuri. Ya ce takardar ta wanke ni a wurinsa, amma jigon jam'iyya ba ya karanta tudu, makaɗinsa yake so. Kwalbar kuwa ya rungume ta a hammata ya ce ita ma an kama ta, dā ma ya daɗe yana neman dalili.

Kwana ya sake kewayowa kafin ya kai ni asibiti da rana. Fo Komlan yana kwance, ƙato kamar ƙofar gari, da robar ruwa a hannu. Da Afi tana zaune a ƙasa ta jingina kai da gado. Alhaji Bawa yana bakin ƙofa da carbi.  A ƙarshen ɗakin wani mara lafiya ya kunna rediyo, kuma a zamanin in ka kunna rediyo abu ɗaya za ka ji, ganguna da waƙar yabo.

Ni na fara jin ƙarar. Ƙas, ƙas-ƙas, ƙas. Na zaci ɓera ne. Na duba, sai ga yatsun Fo Komlan biyu a kan ƙarfen gado, suna tashi suna sauka, suna bin rediyo. Da Afi ta ɗaga kai. Ya buɗe ido ɗaya, ya yamutsa fuska, ya yi wata magana da harshensu da murya kamar daga rijiya. Da Afi ta fashe da kuka da dariya a haɗe.

Na ce, "Me ya ce? Ni yake zagi?"

Ta ce, "Ya ce mai ƙaramar gangar nan yana sauri, zai ɓata musu kiɗa."

Ajidan ya laluba aljihu ya fito da makulli. Ya ce, "Wanda yake gyara wa gwamnati kiɗa bai mutu ba. Miƙo hannunka."